Ranar da Baffa Ya Ɗauke Tsani

Wata ranar Asabar ce a ƙarshen bazara, shekarar da nake aji biyar na firamare, Baffa Sule ya ɗauke tsani ya bar ni a kan soron mahaifina. Hantsi ya ɗaga, ina durƙushe kusa da indararo, laka har gwiwar hannu, sai na ji sallamarsa a tsakar gida, irin sallamar nan da ba ta jiran amsa. Baffa Sule yayan Baba ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun da Baba ya rasu shi ne mai faɗa a ji a kanmu. Ya ɗaga kai ya gan ni, ya ce in sauko. Na gaishe shi da ladabi, na ce ban gama ba. Ya sake cewa in sauko, na sake sunkuyar da kai na ce ban gama ba, ko gezau ban yi ba. Sai kawai ya janye tsanin daga jikin bango ya saɓa a kafaɗa, ya ce tunda sama nake so, to ga ni ga saman. Ina leƙe ta kan katanga ya ɗora shi a amalanken shanunsa, ya kaɗa su suka kama hanyar ƙauyensu.

Abin da ya hau da ni can sama dogon zance ne. Baba magini ne, ginin ƙasa, kuma a ƙauyenmu da ke yankin Sara da wuya ka sami soron da hannunsa bai taɓa ba. Da an shiga rani za ka gan shi da buhun kayan aikinsa, gizago da guduma da madaɓi da igiyar awo, ga tsanin gora a kafaɗa, yau yana wannan gida gobe yana wancan. Namu soron kullum shi ne na ƙarshe. Inna ta sha yi masa tsiya a kan haka, yana dariya yana cewa ai na gida ba ya guduwa. To a wannan shekarar shi ne ya riga soron tafiya. Ciwo ya kwantar da shi bayan an gama zuba hatsi a rumbu, kwana tara ya yi, ya bar Inna da mu uku mata, ni Asabe ce babba, sai Hauwa da Ummi da ko tsintsiya ba su iya riƙewa da kyau ba. Ya bar mana kuma wata tsaga a rufin ɗaki wadda ta taso daga bakin indararo har tsakiya, in ka kwanta da rana kana hango zaren haske ta cikinta.

Ranar sadakar arba'in Baffa ya shiga ɗakin ya daɗe yana kallon rufi. Da ya fito ya yanke hukunci a gaban mutane: ɗakin nan ba zai ga ƙarshen damina ba, don haka Inna na fita takaba zai zo ya kwashe mu zuwa gidansa, kayan aikin Baba kuma a ba wanda zai iya amfani da su. Ya kuma ce da mazan unguwa kada kowa ya wahalar da kansa da gayya, gidan da za a bari ba a ɓata masa ƙasa. Ba zan yi masa ƙarya ba ko bayan ransa, ba mugunta ce ta sa shi ba. Ya taɓa ganin soro ya rufta wa mutane cikin ruwan sama, kuma ba ya so a ce 'ya'yan ƙaninsa ne na gaba. Amma ni a lokacin ban ga wannan ba. Abin da na gani shi ne gidan ƙasa in ya yi damina ɗaya babu hayaƙi a cikinsa, narkewa yake yi ya zama kufai, awaki su riƙa hawa. Ƙauyen Baffa kuma babu makaranta. Na tsani maganar nan tun daga ranar, kuma na tsani yadda kowa ya gyaɗa kai.

A wajenmu namiji ba ya hawa rufin gidan wani sai da izinin maigida, kuma ko nasa zai hau sai ya tsaya ya ɗaga murya ya sanar da maƙwabta cewa za a hau sama, don matan da ke tsakar gidajensu su kimtsa. Saboda haka babu mutumin da zai iya taimakonmu a ɓoye ko da ya so, shelar da zai yi ita za ta kai labari kunnen Baffa kafin azahar. Inna kuma tana takaba, ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Wata safiya tana tsince kalwa, don sana'arta daddawa, ina gefe ina ta ƙunƙuni a kan rufin, sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ke ai ba sai kin yi shela ba." Na riƙa juya maganar a raina. An hana maza, an hana gayya, amma babu wanda ya tuna ya hana yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, don babu wanda ya kawo a ransa.

Rawar kai ta sa na fara da ɓarna. Washegari da aka tashi daga makaranta, ko kayan makaranta ban cire ba, na ɗebo ƙasa a bayan gida na kwaɓa da ruwa kamar mai dama kunu, na hau da tsakar rana na lafta ta a kan tsagar, na shafe da tafin hannu har tana sheƙi. Na sauko ina taƙama, ina jin ai magini ma abin da yake yi ke nan. Inna tana ganina, ta ci gaba da tsince kalwarta. Kwana biyu yaɓen ya tsattsage, ya ɗago daga jikin rufin kamar ƙanzo a gindin tukunya, na sa yatsa ɗaya ya ɓalle gaba ɗaya, ga tsagar nan tana kallona yadda na same ta. Na zauna a kan rufin na yi kuka mai isata, na takaici ba na tsoro ba. Da na sauko Inna ta miƙo mini ruwa, ta ce yanzu da na gama nawa, ko zan saurari nata.

Ashe shekarun da ta yi tana jin Baba yana koya wa mutane aiki daga zaure ba a banza suka wuce ba, ga shi kuma ita ce gwanar daɓe a unguwarmu, duk ɗakin amaryar da za a daɓe sai an kira ta. Ta ce da farko ba a hawa abin da ba a duba ƙarƙashinsa ba. Ta ba ni gizagon Baba, ta ɗora ni a kan turmi a cikin ɗaki, ta sa na riƙa ƙwanƙwasa azarorin rufin ɗaya bayan ɗaya da ƙotarsa. Mai lafiya tana amsawa da ƙarfi, wadda gara ta ci kuwa sautinta a dushe yake, kamar ka bugi kabewa. Guda ɗaya muka samu haka, daidai ƙarƙashin tsagar, kuma a kanta na durƙusa ranar da na fara hawa. Muka tumɓuke gwafar rumfar awaki, Iya Hansai, tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita, ta shigo ta kama mana, muka kafa ta a kan faffaɗan dutse muka tokare azarar. Inna ta sassaƙa ɗan itace mai tsini, ta ce in buga shi a tsakanin gwafar da azarar. Na riƙe guduma a wuya ina ɗan taɓawa, ta ce in riƙe ta can ƙarshen ƙota in bar nauyinta ya yi aikin, kuma idona a kan itacen ba a kan gudumar ba. Duk da haka sai da na daki babban yatsana, farcen ya yi baƙi ya fita daga baya.

Sai maganar ƙasa. Ta bayan gida yashi ya yi mata yawa, ta bakin kududdufi ake so, ja mai danƙo. Na yi kwanaki ina jido da tsohon kwano kafin makaranta da bayan an tashi, ga ɗibar ruwa, ga surfe, ga kai daddawa gidajen da suka yi oda, don babu aikin da aka ɗauke mini saboda na zama magini. Muka tara ƙasar a tsakar gida, Inna ta daddatsa busasshiyar ciyawa ƙanana, ramno ke nan, ta zuba a ciki don ta riƙe ƙasar kada ta tsage. Ta ce sai an jiƙa, an taka, an rufe da tsohuwar tabarma, gobe a sake jiƙawa a sake takawa, har kwana huɗu ko biyar, sai ta fara wari ta yi laushi kamar man shanu. Ƙafafuna biyu ba za su iya ba. Sai na gaya wa ƙawayena na aji cewa da la'asar a gidanmu za a yi gaɗa. Suka zo su bakwai, na nuna musu fili, suka ga laka, suka dube ni, sai dariya. Muka tattare zannuwa muka faɗa ciki, ana tafi ana juyi ana faɗawa hannun juna, wadda santsi ya kwashe ta tashi da laka har ka. Iyayensu sun yi faɗan wanki, amma washegari sun dawo. Iya Hansai tana zaune a kan kujerarta 'yar tsugunne tana cewa ita dai ba ta ga gayya ba, wasan yara ta gani.

Ɓawon ɗorawa kuwa ba mu neme shi ba, tulinsa ne a bayan madafa saboda daddawar Inna. Ta jiƙa shi a tsohuwar randa har ruwan ya yi ja ya yi kauri, makuba ke nan, ita ce ke sa ruwan sama ya zame a kan yaɓe maimakon ya shige. Da komai ya haɗu ta zaunar da ni ta jera mini yadda zan yi, tana maimaitawa kamar mai biya karatu. In kankare tsagar da bakin gizago har in kai ƙasa mai ƙarfi, ko da ramin zai fi da faɗi, kada in ji tsoron faɗinsa. In share ƙurar. In yayyafa ruwa in jira ya tsotse, don busasshiyar ƙasa ba ta karɓar ɗanya. In jefa lakar da ƙarfi ta shige, in danna da dunduniyar hannu, kaɗan-kaɗan, kada in cika ramin a rana ɗaya. Kuma da safe ko da yamma, ba da tsakar rana ba. Abin da ta fi nanatawa shi ne gangare, ta ce Baba yana cewa, "Kada ka yarda da idonka, zuba ruwa ka ga inda zai bi." Don haka kullum da buta nake hawa. In na tsiyaya ruwa ya tsaya ya yi ɗan tafki, to akwai sauran aiki, in ya miƙe ya nufi indararo ya faɗa waje, an samu.

A rana ta uku da fara wannan aikin ne Baffa ya zo ya same ni. Wani ne ya kai masa labari, ban taɓa sanin ko wane ne ba, kodayake ina da wanda nake zargi har yau. Da ƙarar amalankensa ta ɓace sai gidan ya yi tsit, Hauwa da Ummi suka fara kuka suna miƙo hannu sama kamar za su iya sauko da ni. Gaskiya soron ya ƙara mini tsawo nan take. Inna ta fito daga ɗaki ta tsaya ta dube ni, na ɗauka za ta ce a kira wani. Sai ta tafi bakin randa ta ɗauko guga da igiyarta, ta cika gugar da laka, ta wurgo mini bakin igiyar. Ta ce, "Tunda kina can, ƙarasa." Haka muka yi ta yi, tana cikawa ina ja, har rana ta take rufin ya fara gasa mini tafin ƙafa, ta aiko mini da fura a cikin gugar nan da tsohon buhu in taka. Ranar na karya dokar tsakar rana, amma na rufe aikin da jiƙaƙƙen buhu kada ya bushe da sauri. Da azahar ita da Iya Hansai suka gangaro da babban turmi suka kife shi a jikin katanga, na zamo daga soro zuwa katanga, daga katanga zuwa turmi, gwiwoyina duk sun kuje. Da wannan turmin na ci gaba da hawa har na gama, na yayyafa makuba na bi da madaɓi ina bugu har rufin ya yi sumul ya yi duhu.

Ran da Inna ta cika kwana biyu da fita takaba Baffa ya dawo da amalanke, kamar yadda ya ce. Tsanin yana ɗaure a kai, don da shi za a hau rumbu a kwashe hatsinmu. Bai ko dubi saman soron ba. Ya ce a fara fito da kaya, Inna ta ce to, amma ba ta motsa ba, ni kuma na zauna a kan buhun kayan aikin Baba na naɗe hannu. Muna cikin wannan ja-in-ja, bayan la'asar kaɗan, hadarin da ya wuni yana kai-kawo a gabas ya haɗo baƙi ƙirin, iska ta taso ta kwashe tabarmi da ƙwarya, awaki suka ruɗe. Kafin Baffa ya gama ɗaure shanunsa a gindin darbejiya ruwa ya kece. Zaurenmu na ciyawa ne kuma ya daɗe da yayewa, babu inda zai fake sai ɗakin da ya ce zai rufta. Ya tsaya a bakin ƙofa jim kaɗan ruwa na dukansa, sannan ya yi bismilla ya shigo.

Ban taɓa jin ruwa mai tsawo kamar wannan ba. Inna tana ƙurya da yara a jikinta, Baffa yana zaune a kan buzun Baba, dukanmu idonmu a sama. Ya ga gwafar, ya miƙa hannu ya girgiza ta, ba ta motsa ba. A waje ina jin indararo yana zubar da ruwa da ƙarfi, kuma duk duniya babu sautin da ya fi mini wannan daɗi. Amma na san in rufin nan ya jiƙe ya yi nauyi, ba makaranta kaɗai zan rasa ba. Can sai ga ɗigo ɗaya daga kusurwar yamma, nesa da tsagar, wurin da ban ko duba ba. Ya faɗo a ƙasa, wani ya biyo shi. Inna ta tashi ba gaggawa ta tara kwanon sha ta koma ta zauna.

"Asabe," in ji Baffa, "yana yoyo."

"Wuri ɗaya ne, Baffa. Gobe da safe zan hau."

"Da me?"

"Da turmi."

Ya dube ni ya daɗe. Na ɗauka mari ne zai biyo baya, na ma shirya masa. Sai ya kau da kai ya sa bakin rawaninsa ya goge fuska, ya ce wa Inna, a hankali, wannan taurin kan ya san inda aka gado shi. Can ruwan ya tsagaita. Da ya fita muka ji yana kwance igiya a waje, na leƙa ina jiran in ga ya nufi rumbu. Ya shigo da tsanin a kafaɗa, ya wuce rumbun, ya jingina shi a jikin soro daidai inda ya ɗauke shi, har ya danna ƙafarsa cikin laka don ya zauna da kyau. Ya ce in riƙa sa wani ya riƙe mini ƙasansa. Ya kaɗa shanunsa, amalanke ba komai a kai.

A ɗakin nan na gama firamare, daga cikinsa na tafi sakandare, kuma kowace bazara ni ke hawa, daga baya Hauwa ta karɓe ni. Yanzu ina zaune a Birnin Kudu a gidan bulo mai rufin kwano, wanda in ruwa ya sauka ba ka jin maganar na kusa da kai. A layinmu ƙofa in ta sassauta sai a ɗauki waya a kira kafinta, a yi kwana uku ana jiransa ana tokare ta da dutse. Ni ban iya wannan jiran ba. Ina da guduma da sukundireba da filaya a cikin tsohon gwangwanin madara, gizagon Baba yana ƙasan gado, kuma matan maƙwabta sun san ƙofar da za su buga in famfo ya ƙi rufuwa. Akwai masu cewa ba aikin mace ba ne, nakan ce musu to, ina ci gaba da ɗaure abin da nake ɗaurewa. 'Yata ta fari na sa mata guduma a hannu tun tana aji uku, ta daki yatsa ta yi kuka, na ce ta riƙe can ƙarshen ƙota.

Soron ya daɗe da zama bulo, Inna da kanta ta sa aka rushe shi da ta ga dama, ba don ya gaza ba. Ita da Baffa da Iya Hansai duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Abin da nake kewa shi ne warin ƙasar da ta kwana biyar a rufe, da muryar Inna daga ƙasa tana tambaya ko ruwan ya bi hanya. Baffa bai taɓa cewa na yi daidai ba har ya koma ga Allah, ni ma ban taɓa ba shi haƙuri ba. Amma bai sake taɓa tsanin nan ba.